Jadawalin harajin jihohin Amurka na Tax Foundation: amfaninsa da inda ya gaza

Duk mai son gwada harajin wata jiha a Amurka da na sauran, da wuya bai ci karo da jadawalin da cibiyar nazarin haraji ta Tax Foundation ke fitarwa duk shekara ba. Kyauta ne a intanet, kuma tun 2024 sunansa State Tax Competitiveness Index.

Gida biyar ake raba harajin kowace jiha: na kamfanoni, na kuɗin shigar mutum, na saye, na kadarori, sai na inshorar rashin aiki. Na kuɗin shiga ne ya fi nauyi a lissafin, shi ya sa galibi jihar da ba ta cire haraji daga albashi take hayewa sama. Wayomin ta daɗe tana ta ɗaya. Niyok, Niyu Jazi da Kalifoniya, wadda harajinta kan manyan masu samu ya kai kashi 13.3 cikin ɗari, su ne 'yan bayan aji.

Kada ka tsaya a lambar gaba ɗaya, amfanin yana cikin shafin kowace jiha, inda ake nuna matsayinta gida-gida. Ɗauki Tekzas. Ba ta cire ko sisi daga albashi, amma harajin sayenta kashi 6.25 ne, ƙananan hukumomi kuma su ɗora nasu har ya kai 8.25. Kayan dala 1,000 ke nan ka biya ƙarin dala 82.50, ga harajin gidaje mai nauyi. Oregon kuwa akasin haka ce: babu harajin saye, amma na kuɗin shiga yana kaiwa kashi 9.9. Abin da aka bar maka ta ƙofa ana karɓe shi ta taga.

Inda jadawalin ya gaza shi ne, tsarin haraji yake aunawa, wato sauƙinsa da yadda yake wa 'yan kasuwa daɗi, ba ruwansa da wanda ke ɗaukar nauyin harajin. Fulorida ta zo ta huɗu a bugun 2025. Amma rahoton Who Pays? na wata cibiyar nazarin haraji mai suna ITEP a 2024 ya ce babu jihar da harajinta ya fi danne talaka kamar ita: kashi 20 cikin ɗari na mutanen da suka fi ƙarancin samu suna biyan kashi 13.2 na abin da suke samu, kashi 1 da suka fi kowa samu kuwa 2.7 kacal. Ba wai ɗayansu ya yi ƙarya ba, tambayoyin ne suka bambanta. Makarantu da hanyoyin da harajin ke ginawa ma ba sa cikin lissafin.

Ga mai kamfani da ke neman mazauni, ya isa a fara da shi. Ma'aikaci mai iyali kam sai ya haɗa da na ITEP, ya kuma nemi adadin harajin gida daga ƙaramar hukumar da zai zauna, don daga wannan zuwa waccan yana sauyawa. A kuma lura cewa dokokin da ke aiki ranar 1 ga Yuli ake ɗauka, saboda haka ragin da ya fara a Janairu ba zai bayyana ba sai bugu na gaba.