Salamanka ko Giranada: ina Sifaniyanci zai fi saurin kama bakinka?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce jami'arku ta ba ka damar yin zango ɗaya a Sifaniya, Sifaniyancinka kuma bai wuce na cikin aji ba, kana neman a zaɓa maka tsakanin garuruwan Salamanka da Giranada. Da ni ne kai, Salamanka zan nufa, ko da yake zuciyata Giranada take so.

Kunne ne dalilina. Mutanen Salamanka suna furta kalma har wutsiyarta, abin da ka karanta a littafi shi za ka ji a bakin mai burodi. Jami'ar garin tun 1218 take, tun 1929 kuma take koyar da baƙi harshen, kuma tana da hannu wajen tsara DELE, jarrabawar shaidar ƙwarewa a Sifaniyanci, wadda Cibiyar Cervantes, hukumar Sifaniya mai yaɗa harshen, ke gudanarwa. In takardar shaida kake so ka dawo da ita, ka je gindin abin.

Giranada kuwa Andalus ce, a kudancin ƙasar. Jami'arta, wadda aka kafa a 1531, ba ta da abin kushewa, kuma a aji malamai za su yi maka magana dalla-dalla. Kan titi ne labari ke canzawa. Suna haɗiye harafin "s" na ƙarshen kalma, sai ka ji "más o menos" ya koma "má o meno", ga sauri. Ka ƙaddara wanda ya koyi Hausa a littafi ne aka sauke shi tsakiyar kasuwar Sakkwato. Ba karyayyen harshe ba ne, hasali ma wanda ya saba da shi ba zai sha wuya da mutanen Kuba ba. Amma kai zango ɗaya gare ka, makonnin farko za su tafi a "me aka ce?"

Ta fuskar zaman yau da kullum, Giranada ta yi wa Salamanka fintinkau. Akwai babban masallaci a unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, yana fuskantar fadar Alhambra, ga mahautan halal, ga shagunan shayi na 'yan Maroko. Salamanka kuwa yankin naman alade ne. Garin Guijuelo da ya yi suna da shi yana lardin, kuma hornazo, abincin da suke alfahari da shi, cike yake da shi. Tun a jirgi ka haddace "no como cerdo", wato ba na cin alade, ka kuma riƙa tambaya game da manteca, wato kitsen alade, don yana shiga har cikin kayan fulawa.

Sai dai daɗin nan na Giranada tarko ne ga mai ɗan Larabci irinka. Za ka wuni kana hira da masu shaguna, harshen da ka je nema yana jiranka a waje. Wani abin ban sha'awa ma, Larabcin na nan cikin Sifaniyancin: magajin gari sunansa alcalde, tushensu ɗaya da alƙalinmu, azúcar kuma sukari ne.

Sanyi dai babu inda za ka tsira. Salamanka tudu ce mai kimanin mita 800, Giranada kuma tana gindin duwatsun Sierra Nevada masu ƙanƙara. Ka sayi rigar sanyi ta gaske.

Abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi zaɓen gari nauyi, shi ne masauki. Duka garuruwan cike suke da ɗaliban Turai da Amurka, in ka kama gida tare da su Turanci za ku yi ta yi har ranar dawowa. Ka nemi a sauke ka wurin iyali. Suna cin abincin rana wajen ƙarfe biyu, na dare wajen tara, kuma ba a tashi da zarar an cinye. Ana zama a ci gaba da hira a kan teburin, abin da suke kira sobremesa. A nan uwar gida za ta gyara maka kuskure ba tare da jin kunyarka ba. Wajen cike takardar neman masauki ka rubuta batun alade da giya ƙarara, ka kuma roƙi gidan da babu wani ɗalibi mai jin Turanci.