HemoTypeSC: tsinken gwajin sikila da nake aiki da shi a ranar riga-kafi

Ɗan ƙanwata yana da wata bakwai a duniya lokacin da hannayensa suka kumbura. Bayan sallar isha'i ta kira ni daga Gyallesu, ina jiyo kukansa ta cikin wayar, kukan da duk uwa ta san ba na yunwa ba ne. Ta ce, "Yaya, ko yatsansa na taɓa sai ya ƙwalla ƙara. Inna ta ce sanyi ne ya shige shi." Na ce ta ba shi farasitamol, ta yi ta ba shi nono, da sassafe ina nan tafe. Daren nan ban runtsa ba. Shekara goma sha ɗaya ina aikin leb, na san abin da kumburin bayan hannu da na ƙafa yake nufi ga jariri mai waɗannan watanni: alamar sikila ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne takardun gwajin aurensu, don da idona na gan su kafin a ɗaura: ita AS, mijinta AA, alhali AS da AA ba sa haifar mai SS.

A jakata akwai ragowar tsinken HemoTypeSC guda uku da aka ba mu a wani horo. A kan wannan tsinken nake son yin magana, domin tun daga ranar ban daina aiki da shi ba, kuma iyaye da abokan aiki suna yawan tambayata ko abin dogaro ne.

Kamfanin Silver Lake Research na jihar Kaliforniya a Amurka ne yake yin sa. In ka gan shi sai ka ɗauka tsinken gwajin ciki ne. Yana zuwa da 'yar ƙaramar kwalbar roba, da abin ɗiga ruwa, da wani ɗan sanda mai soso a baki wanda ke tsotse jini. Ba ya buƙatar firij, ba ya buƙatar wutar lantarki, ruwan da ake zuba masa ma ruwan sha ne mai tsabta, ɗigo shida. A kan tabarmar tsakar gida na shimfiɗa kayana. Na goge dunduniyar yaron, na tsira masa allura, jini ya ɗan tsattsafo kamar ƙwayar gero, na taɓa soson ya yi ja. Na juya shi a cikin ruwan har ruwan ya canza launi, na tsoma tsinken, na duba agogon wayata. Minti goma ake jira.

Da lokaci ya cika na ciro shi. Layin tabbatarwa ya fito, wanda ke nuna gwajin ya yi aiki. Sauran layuka uku na nau'in jini ne: A na lafiya, S na sikila, C kuma wani nau'i na daban. Layin A ya fito, layin C ya fito. Gurbin S fari fat. Ƙanwata tana leƙe ta kafaɗata, ta riga ni magana: "Alhamdulillahi, Yaya, babu S!" Har ta fara murmushi. Ban taɓa jin nauyin baki irin na wannan safiya ba, domin a wannan tsinken layin da ya ɓace shi ne abin da ke cikin jinin. Fitowar A da C na nufin yaron ba shi da su. Rashin S na nufin S kaɗai gare shi. Na riƙe hannunta na ce, "Zauna tukuna, in yi miki bayani."

Wannan juyin ba kuskure ba ne, haka aka gina gwajin. Tsinken yana neman nau'i uku na hemogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, kowanne da layinsa, akwai kuma wasu ƙwayoyin garkuwa da aka ƙera kowacce ta gane nau'i ɗaya tak. Idan jininka ba shi da S, babu abin da zai tare ƙwayoyin da ke neman S, sai launi ya taru a layin S, layi ya fito. Idan kuwa akwai S a jinin, shi zai riƙe su, launi ba zai taru a layin ba. To amma idonmu ya saba da gwajin ciki da na maleriya, inda fitowar layi ke nufin akwai. Shi ya sa nake cewa kada a miƙa wannan tsinke ga wanda bai zauna an koya masa ba. Ni kaina har yau ina manne da katin karanta sakamakon a bangon teburina, kuma sai na duba shi kafin in rubuta ko harafi ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da shi, ƙanƙantar bambancin da yake ganowa. Ƙwayar gadon da ake kira HBB tana kan kuromozom na 11, ita ce ke ɗauke da umarnin gina ɗaya daga cikin sarƙoƙin hemogulobin, sarƙa mai ƙananan tubala 146 da ake kira amino asid. A gurbi na shida, rubutun DNA na mai A yana cewa GAG. Na mai S yana cewa GTG. Harafi ɗaya ne ya sauya, sai tubalin da ake kira balin ya zauna a inda mai suna gulutamik asid ya kamata ya zauna. Mai C kuma AAG ne nasa, a wannan gurbin dai. Masanin kimiyya Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa hemogulobin ɗin mai sikila ya bambanta da na sauran mutane, Vernon Ingram kuma ya gano takamaiman wurin a Kambirij ta Ingila a 1956 da 1957. Wannan sauyin ne ke sa hemogulobin ya dunƙule ya zama kamar sanduna idan iskar oksijin ta yi ƙasa, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana 120, ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Abin da sai da aka haɗa manyan ɗakunan bincike aka gano, yau ga shi ina ganinsa a tsakar gida, kaji suna kiwo a gefena.

Kafin zuwansa, hanyoyi biyu muka fi sani a ƙananan leb na garin nan. Akwai gwajin da ake ɗiga wa jini sinadari a leƙa ta madubin likita a ga ko ƙwayoyin sun lanƙwashe. Wannan ba ya raba AS da SS, duka biyun lanƙwashewa suke yi. Sai ilektiroforesis, inda ake sa jinin a kan takarda ta musamman a tura masa wutar lantarki, kowane nau'i ya yi tafiyarsa ya tsaya a wurinsa. Hanya ce mai kyau a hannun mai kula. Amma tana son wutar da ba ta rawa, da ruwan sinadari sabo, da jinin misali wanda aka riga aka san nau'insa a gudu tare da shi a kowane zubi. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ko aka yi ta maimaita tsohon ruwa don tsimi, layukan sai su cakuɗe, mai karantawa ya yi hasashe. Ina kyautata zaton abin da ya faru da mijin ƙanwata ke nan a wurin da ya yi gwajinsa na aure. Da ya dawo daga kasuwa na gwada shi da tsinke na biyu, layin C kaɗai ya fito tare da na tabbatarwa: AS. Ya daɗe yana kallon tsohuwar takardarsa, sannan ya ce, "Yaya, wallahi da kuɗina na biya." Ban da abin ce masa. Mun kai jinin su ukun Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sakamakon ya zo daidai da na tsinken.

Inda ya fi kowace hanya amfani a wurina shi ne jarirai. Jariri yana zuwa duniya mafi yawan hemogulobin ɗinsa nau'in F ne, na zaman ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. A hankali F ke raguwa, zuwa wata shida S ya karɓe wurin, shi ya sa yaro zai yi ɓul-ɓul lafiya ƙalau sannan ciwo ya bayyana. Wannan F ɗin yana wahalar da karatun ilektiroforesis irin namu, shi ya sa ake ce wa iyaye su dawo in yaro ya yi wata shida ko shekara. Tsinken bai damu da F ba, S ɗin da ke ɓoye a ƙarƙashinsa yake nema. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da tawagarta sun gwada shi a kan jarirai sama da 3,000 a cibiyoyin riga-kafi na Gwagwalada, aka buga sakamakon a 2020, suka nuna ana iya haɗa gwajin da allurar riga-kafi a ƙananan asibitoci. Daga nan na ɗauki dabarar. Uwa ta riga ta zo da ɗanta, ta riga ta zauna a layi, minti goma kawai za a ƙara mata.

Sanin da wuri ba don a tayar wa uwa hankali ba ne. Saifar yaro mai sikila tana lalacewa tun yana ƙarami, ƙwayoyin cutar da wani yaro zai kakkaɓe sai su kashe shi a kwana ɗaya. Binciken da Dakta Marilyn Gaston ta jagoranta a Amurka, wanda aka buga a 1986, ya nuna shan penisilin kullum yana rage wannan mummunar kamuwa da kashi 84 cikin 100. Ga folik asid, ga gidan sauro da maganin kariya daga maleriya, ga koya wa uwa ta riƙa taɓa cikin ɗanta ta ji ko saifa ta kumbura, ga maganin hydroxyurea, wanda ke ƙara yawan F a jini, idan likita ya ga lokacinsa ya yi. Duk wannan ba zai fara ba sai an san yaron yana da shi. A Najeriya, inda ake ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S, jira sai hannu ya kumbura asara ce babba.

Yana da iyakarsa, kuma ba na ɓoye wa kowa. A da S da C kaɗai ya sani. Akwai wata matsalar gado da ake kira talasimiya, inda sarƙar ba ta sauya fasali ba amma jiki ba ya ƙera ta yadda ya kamata. Mai ɗauke da ita zai fito AA a tsinken, kuma idan ya auri mai AS suna iya haifar ɗa mai ciwo irin na sikila. Ba ta da yawa a wajenmu, amma akwai ta. Haka kuma wanda aka yi wa ƙarin jini a cikin wata uku da suka wuce, jinin wani ne ke yawo a jikinsa, mai SS sai ya fito AS. Kafin in tsira wa kowa allura sai na tambaya, "An taɓa sa masa jini? Yaushe? Leda nawa?" Sannan tsinken ba ya faɗin yawan kowane nau'i, akwai ko babu kawai yake cewa, don haka ba zai nuna wa likita ko F na ƙaruwa a jikin mai shan hydroxyurea ba. Wannan aikin HPLC ne, na'urar manyan leb da ke auna yawan kowane nau'i.

Saboda haka idan saurayi da budurwa suka zo mini, ina gwada su da shi, amma ba na yarda a yanke maganar aure a kan tsinke ɗaya ko takarda ɗaya. Sai na tura su babban asibiti a sake, kowa da kansa, ba aike ba. Tun da Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, masu zuwa sun ƙaru har a nan Zariya, iyaye da limamai suna neman takarda. Akwai wata magana da nake sha a bakin mutane: "Ai ɗa na huɗu ne zai zo da shi, uku za mu haifa mu tsaya." Ba haka lissafin yake ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki ƙuri'a ce sabuwa, kashi 25 cikin 100 ne ya zo SS. Na ƙanwata ɗan fari ne. Na san gida a Tudun Wada da 'ya'ya uku a jere duk suka zo da shi.

Kuɗinsa a inda ake sayensa da yawa bai cika wuce dala 2 ba kowane gwaji, sai dai daga waje ake shigo da shi, duk lokacin da naira ta faɗi sai ya tashi. Ba kuma a kowane kantin magani na Sabon Gari ake samunsa ba, mu daga dillalin kayan leb muke yin oda, wani lokaci mu yi mako biyu muna jira. Ina ajiye nawa a cikin akwati nesa da taga, don zafin watan Afrilu a ɗakinmu ba na wasa ba ne, kuma ba na buɗe ledar tsinke sai jini yana hannuna.

Ƙanwata ta ji labarin Casgevy a rediyo, maganin da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon mara lafiya a gyara su da CRISPR, fasahar gyaran ƙwayoyin gado, a kashe makunnin da ke dakatar da F bayan haihuwa, jiki ya koma ƙera hemogulobin na jarirantaka. Ta tambaye ni da zumuɗi ko zai zo Shika. Na gaya mata kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ta yi shiru, ta ci gaba da murza ƙwayar penisilin a cokali tana ɗiga mata ruwa.

Yaron yanzu shekararsa biyu da rabi. Sau biyu aka kwantar da shi, ɗaya a lokacin hunturu, ɗaya da damina da maleriya ta kama shi. Uwarsa ta iya taɓa saifa fiye da wasu ɗalibanmu, kuma zazzaɓi ko kaɗan ba ta kwana da shi a gida. Watan jiya ta sake haihuwa, mace. Ranar suna, kafin mata su cika gidan, na shiga ɗaki da kwalbata da ruwana ɗigo shida. Wannan karon ba ta yi magana ba sai da ta ƙirga layukan da kanta, ta ga S da C sun fito, gurbin A fari. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "AA ko, Yaya?" Na duba katina, na ce mata AA.