Wata shida a shagon mai gyaran jita: abin da na samu da abin da ya ɓata min rai

Ni tela ne, shagona yana Dilimi a Jos, shekarata goma sha tara ina taka keke. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san ba makaɗi ke magana ba. Jitar ma ta hannu ce, na saye ta a Katako shekara uku da suka wuce, ko suna babu a jikinta. Da mahaifina yana raye da ba ta kwana a gidanmu ba, don shi a wurinsa duk mai riƙe da abu mai tsirkiya maroƙi ne. Ɗan Maraya kaɗai ya cire, shi kam in kuntiginsa ya tashi a rediyo sai ya ce a yi shiru, wannan nasiha yake yi.

Shekarar farko daɗi kawai na sha. Ina kallon masu koyarwa a YouTube, na iya kod huɗu, wato salon jera yatsu a kan wayoyin jita, G da C da D da Em, kanta ta fito min a kan yatsu, har na fara jin kaina. Sai na iso F. Wanda bai sani ba, F ita ce wadda za ka kwantar da manuniya ta danne wayoyi shida gaba ɗaya a gidan farko, wato tazarar farko a jerin ƙarafan da ke wuyan jita, sauran yatsu uku kuma kowa na kan aikinsa. Ni in na kaɗa, sai ka ji kamar an daki bokitin roba. Waya biyu su yi magana, huɗu su yi gum. Na matsa har babban yatsana ya riƙa ƙagewa, washegari almakashi ma da ƙyar nake riƙewa. Haka na yi kusan shekara biyu a wuri ɗaya. Kullum da dare in ɗauko ta, in gwada F sau uku, raina ya ɓaci, in koma kan kod huɗun nan nawa in huce. Wata rana uwargida tana kwashe tuwo ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Baban yara, ita wannan abar waƙa ɗaya aka zuba mata ne?" Na yi dariya a baki, amma maganar ta kwana a raina.

Wata mata ce da ta kawo ɗinkin rigunan mawaƙan cocinsu ta ga jitar jingine bayan keke. Ta ɗan taɓa ta, ta yamutsa fuska, ta ce in kai ta wurin wani dattijo da ke gyara musu kayan kiɗa, yana kuma koyarwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban nemi izininsa ba, kuma akwai ƙorafin da zan yi a ƙasa. Shagon dai yana cikin wani lungu da ya ɓalle daga titin Ahmadu Bello, tafiyar ƙafa kaɗan daga Terminus, in ka baro kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002. Babu allo a ƙofa. Ɗaki ne da bai kai shagona ba, jitoci rataye a ƙusa, wasu babu waya, wasu babu wuya, da benci ɗaya.

Na shirya zan nuna masa hannuna, har na tanadi bayanin cewa yatsuna gajeru ne. Ko kallon hannun bai yi ba. Ya karɓi jitar, ya ɗaga ta ya runtse ido ɗaya yana duban wuyanta yadda kafinta ke duba katako, sannan ya ɗauko 'yar rula ta ƙarfe ya tsayar a gida na 12. Ya ce, "Malam tela, wa ya sayar maka da wannan azabar?" Tsakanin waya mai kauri da ƙarfen gidan, milimita biyar saura kaɗan. Ya ce a jita irin tawa bai kamata ya wuce biyu da rabi ba. Don in yarda, sai ya maƙala mata kapo, matsewar nan da ake ɗaurawa a wuya, a gidan farko, ya ce in kama F ɗina a gida na biyu. Na kama. Waya biyar suka yi magana tas. Na sake, suka sake. Ya ce to ka gani, ƙashin da ke can sama inda wayoyi ke hawa ya yi tudu da yawa, kapo ya kawar da shi daga lissafi, shi ya sa hannunka ya samu sauƙi.

Kunya ta kama ni, wallahi. Ni ne fa kullum nake yi wa yaran shagona faɗa cewa in keke na tsallake ɗinki, a duba allura, a duba zaren ƙasa, a duba tsaurin zare kafin mutum ya ce hannunsa ne. Amma shekara biyu ina zagin yatsuna, ban taɓa kawo wa raina cewa jita ma ana saita ta ba.

A gabana ya yi aikin, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni da shi, ba ya cewa je ka dawo jibi. Ya sassauta wayoyin, ya zura alanki ta bakin ramin ya kama ƙarfen da ke cikin wuya, ya murɗa kwata ɗaya kacal, ya ajiye ta ya sha shayinsa. Na ce Baba ba za a ƙara ba? Ya ce itace ba ya son gaggawa, masu murɗawa sau uku a zama ɗaya su ne ke kawo masa waɗancan, ya nuna min marasa wuyan da ke rataye. Daga nan ya zare farin ƙashin da ke ƙasa inda wayoyi ke sauka, ya ja layi da fensir, ya shimfiɗa samfefa a kan gilashi yana gurza gindinsa a hankali, yana hurewa yana dubawa. Ya ce duk milimita ɗaya da kake so ta sauka a gida na 12, sai ka ci biyu a nan. Na sama kuma ya bi ramukansa shida da ɗan siririn magagari. Wayoyin da ke kanta lamba 13 ne, masu nauyi, sun yi baƙi don tsatsa, ya sauya su da lamba 10. Duka aikin bai kai awa biyu ba. Na biya naira 6,000 na gyara, 4,500 na wayoyi. A ganina wannan kuɗin ya fi duk datar da na ƙona a YouTube amfani.

Na koma gida ina zaton an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. F tana fita in na zauna na jera yatsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera tumatir a faranti, amma in ina cikin kiɗa na taso daga C, kafin in iso waƙar ta yi nisa. Shi ya sa na koma na shiga darasi, sau ɗaya a mako, naira 12,000 a wata.

Ranar farko ya ce in kaɗa abin da nake kaɗawa a gida. Na zuba masa kod huɗuna da ƙwarewa. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni yadda nake fara koya wa sabon yaro ɗinki. Na ce takardar buhun siminti nake ba shi, in ja masa layi, ya yi ta bi da allura babu zare har ƙafarsa da hannunsa su daidaita. Ya ce, "In yaron ya iya aljihu, sai ya shekara biyu yana ɗinka aljihu don shi ne ke masa daɗi, za ka ce yana koyo?" Na yi shiru. Ya ce to ga takardar simintinka: ka saita minti ɗaya a wayarka, ka riƙa tashi daga C zuwa F kana dawowa, kaɗawa ɗaya kowace, ka ƙirga, ka rubuta. Ya gyara min manuniya, in ɗan karkata ta ta danne da gefen ƙashi maimakon cikin da ke da taushi, ya sauko min da babban yatsa tsakiyar bayan wuya. Ya kuma ce in fara kama siffar a gida na biyar inda waya ta fi laushi, in riƙa saukowa gida ɗaya duk bayan kwana biyu. Minti goma sha biyar a rana, kuma kafin in taɓa abin da na iya.

Na rubuta lambobin a bayan littafin awon kwastomomi, har yanzu suna nan ƙarƙashin awon wata babbar riga. Ranar farko 9. Bayan mako uku 22. Daga nan sai 22, 21, 23, 22, har mako biyar. Wannan tsayawar ta fi ta farko ciwo, don yanzu ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ga shi lokacin ya faɗo a Disamba, sanyin Jos na busawa, da asuba yatsu kamar ba naka ba. Wani dare na sami 19, na ɗaga jitar na ɗora a kan sif, na ce mutum mai 'ya'ya huɗu me ya haɗa shi da wannan wahala. Kwana goma sha ɗaya ban taɓa ta ba, na tsallake darasi biyu.

Da na koma, kuɗina na je nema, in faɗi gaskiya. Bai tambaye ni ina na shiga ba. Ya karɓi littafin ya duba, ya rufe, ya ce a bar ƙirga tukuna. Sai ya nuna min sauti biyar a gida na biyar zuwa na takwas, ya ce in yi ta yawo a cikinsu babu kod ko ɗaya, shi kuma ya kifa tasa jitar yana buga bayanta da tafin hannu kamar kalangu. Ban yi minti biyu ba na ji abin ya fara kama da gida, wani wuri kamar garaya, wani wuri kamar kiɗan Buzayen Agadas da direbobin manyan motoci ke sakawa. Ya ce yawancin kiɗanmu na nan arewa a kan sauti biyar ɗin nan yake tafiya, kunnenka ya san hanyar tun kana goye. Ranar ce karo na farko da na kaɗa abin da ban kwafo daga wurin kowa ba. Mako uku muna kan wannan, bai ambaci F ba, ni ma ban tuna masa ba. Ranar da ya ce in sake ƙirgawa na sami 31. Na tambaye shi yaya aka yi haka alhali ban gwada ba, ya ce hannu yakan ci gaba da aiki ko mai shi ya tafi, abin da ya fi yi min illa shi ne matsewar fushi, duk kafaɗata a ɗaure take in na doshi F. Ban sani ba ko bayaninsa daidai ne, lambar dai tana rubuce.

Yanzu ƙorafi. Baba ba ya riƙe lokaci. Darasin ƙarfe huɗu yakan zama biyar saura, kuma ni shago nake rufewa in zo. Sau biyu na tarar ya haɗa ni da wani ɗalibi a awa ɗaya ba tare da ya gaya min ba, kuɗin kuma bai ragu ba. In watan bukukuwa ya kama, sai dai yaronsa ya ce maka ya tafi kiɗan aure. Maƙwabcinsa lasifika yake sayarwa, in ya tashi gwada kaya ga janareta na ruri, ba ka jin wayarka ta ƙasa sam. Ba ya rubuta komai, in ba ka ɗauka a wayarka ba ya wuce. Kuma da do, re, mi yake magana irin na mawaƙan coci, ni kuwa da haruffa na saba, na yi wata guda yana cewa "fa" ina raba ido. Wayoyin da na ƙara saya a wurinsa a wata na huɗu, biyu na buɗe na tarar da ɗigon tsatsa. Ya canza min ba musu, amma ku buɗe ku duba a gabansa.

Wani abu kuma da ba zan ɓoye ba, in la'asar ta riske mu shi ne yake tsayar da darasi ya miƙo min buta, ya ce yaronsa ya nuna min inda masu shaguna ke jam'i. Mu da muka ga rikicin da garin nan ya shiga tun 2001 mun san nauyin wannan.

Wanda bai taɓa riƙe jita ba kuma yana son tsari, aji da allo da takarda, wannan wurin zai gundure shi. Wanda kuwa ya maƙale kamar yadda na maƙale, ko bai shiga darasi ba ya kai jitarsa a auna ta. In zai je cikin hunturu, ya tambaye shi dabarar soso: ɗan soso mai danshi a gidan sabulu mai huji, a ajiye cikin jakar jita, don iskar hunturu kan busar da itace har bakin ƙarafan gida su fito su riƙa yankar hannu. Tawa ta fara haka a Janairu, soson ya taimaka. Ya ce in dawo da ita in damina ta zauna, don itacen zai sha danshi wayoyi su sake tashi.

Yanzu wata kod mai suna Bm ce ta tsaya min a wuya, mako na uku ke nan ina kan 14. Jiya da dare ina ƙirgawa uwargida ta leƙo ta ce wannan kuma wace ce, na ce sabuwa ce. Ta saurara kaɗan, ta ce ita ma dai bokitin robar ce, ta ja ƙofa.