Sharhi kan kayan sassaƙa hatimin ganye da na gwada a kakar bana

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, bishiyoyin unguwarmu a Sheffield ta ƙasar Ingila sukan sauya kama, domin idan yini ya gajarta sanyi ya fara shigowa, sinadarin da ke ba ganye launin kore yakan lalace, sai ruwan ɗorawar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa ya fito fili, wasu ganyayen kuma su yi jawur kafin su zube. A hutun mako guda da makarantu ke bayarwa a ƙarshen Oktoba, an umarci ɗiyata mai shekara tara ta koma da wani aikin hannu da ya shafi wannan yanayi, shi ya sa na shiga wani shagon kayan zane na sayo kwalin kayan sassaƙa hatimi na masu koyo.

A cikin kwalin akwai mariƙi guda da bakunan wuƙa biyar da ake sauyawa, da roba mai laushi guda biyu masu faɗin santimita 10 da tsawon 15, da falle ɗaya na linoliyam (wata shimfiɗa mai tauri da ake sassaƙawa), da ɗan abin mirgina tawada, da baƙar tawada mai wankuwa da ruwa.

Robar ce ta fi komai burge ni, kuma saboda ita kaɗai ban yi nadamar kuɗina ba. Mun tsinto ganyen bishiyar oak a bakin hanya, na ɗora farar takarda mai shara-shara a kansa na bi gefensa da jijiyoyinsa da fensir mai laushi, sannan na kife takardar a kan robar na goga bayanta da cokali. Zanen ya kwafu tsaf, har ƙananan jijiyoyin da ban zaci za su fito ba. Da na sa ƙaramin bakin nan mai siffar V, sai ya riƙa ratsa robar kamar ana yanka sabulu, ɓawon yana fita siriri yana naɗewa a kan tebur. Sai da na ɓata ganye ɗaya kafin na gane cewa jijiyoyi ake fara yankawa tun robar tana da faɗin da hannu zai danne, daga baya a bi gefen ganyen, a ƙarshe a kwashe sauran filin da babban bakin mai siffar U. Haka kuma idan an zo lanƙwasa, robar ake juyawa, wuƙar tana nan inda take. Wanda ya taɓa zama kusa da masu zanen ƙwarya a gida ya san wannan dabara, domin su ma ƙwaryar suke juyawa a cinya.

Ganyen oak bai ba mu wahala ba, tunda gefensa a zagaye yake. Wanda ya gwada haƙurina shi ne ganyen mapul, irin wanda ke jikin tutar Kanada, saboda tsinin da ke gare shi. A nan laushin robar ya zama aibi, domin idan tsinin ya yi siriri yakan gutsure, ko kuma ya lanƙwashe lokacin bugawa tawadar ta yi dame-dame. Na koma kan linoliyam ɗin, wanda asalinsa shimfiɗar ƙasa ce da wani Bature mai suna Frederick Walton ya ƙirƙiro a shekarun 1860, wato kakan ledar ɗakin da muka sani. Yana riƙe tsini da kyau, amma taurinsa ya fi ƙarfin hannun yaro, ni ma sai da na ɗora shi a kan na'urar ɗumama ɗaki na ɗan lokaci ya yi laushi kafin wuƙa ta shige shi.

A kan linoliyam ɗin ne na ji ciwo, kuma laifin rabi nawa ne rabi na mariƙin. Maƙogwaron da ke damƙe bakin wuƙar yakan saki bayan 'yan mintoci, sai mutum ya tsaya ya ƙara murɗa shi. Ina tsaka da dannawa, hannuna na hagu yana gaban wuƙar inda bai kamata ya kasance ba, bakin ya goce ya yanke ni a babban yatsa. Raunin bai yi zurfi ba, amma daga ranar na hana yarinyar taɓa wuƙar, aikinta ya koma zaɓen ganye da zane da bugawa. Ina ganin bai dace a sayar da irin wannan kwali ga masu koyo ba tare da katakon da ke tokare abin sassaƙawa a bakin tebur ba.

Tawadar ma ba ta gamsar da ni ba. Baƙa ce kaɗai, alhali duk kyawun ganyen kaka a launinsa yake, ga ta da saurin bushewa a kan abin mirginawa. Dole na sayi ƙananan kushin tawada ja da ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa, waɗanda idan aka ɗan dangwala biyu a kan hatimi ɗaya, ɗorawa a tsakiya ja a gefe, ganyen yakan fito kamar yanzu aka tsince shi. Mai son bugawa a kan yadi kuma sai ya nemi tawadar yadi daban, ya bi ta da dutsen guga bayan ta bushe, in ba haka ba wankin farko zai tafi da ita.

Mun ƙare da hatimi huɗu masu amfani, waɗanda na manna wa guntayen katako a baya don sauƙin riƙewa. Ɗiyata ta buga katuna goma sha biyu da takardar naɗe kyauta, ta kai makaranta. Robar zan sake saya ba tare da shakka ba, amma mariƙin na riga na ajiye shi, ina neman wuƙa mai baki ɗaya kafaffe kafin in sake gwada ganyen mapul.