Tera Term da sikelin Kawu: abin da na gani cikin wata uku

Kawuna yana sayen wake da gyaɗa a nan Tawa, kuma a mangazarsa akwai babban sikelin lantarki da ke turo nauyin kowane buhu zuwa kwamfuta ta kebul mai haƙora tara. Shekara da shekaru wata tsohuwar kwamfuta mai Windows XP ce ke karɓar lambobin ta HyperTerminal, manhajar da ke nuna abin da na'ura ta turo ta kebul a kan allo, magatakardan Kawu kuma yana adana su a fayil, da yamma a biya kowa kuɗinsa. Cikin zafin watan Afrilu wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ba ta sake tashi ba. Kawu ya sayo sabuwa mai Windows 11 ya aiko a kira ni.

"Ɗana, abin nan na da nake so ka maido mini, ba na son sabon abu," in ji shi. Na ce, "To Kawu, in Allah ya yarda."

Matsalar ita ce tun daga Windows Vista aka daina sako HyperTerminal a ciki. Manhajar ta kamfanin Hilgraeve ce, suna da wadda suke sayarwa, amma ba ta zuwa tare da kwamfuta. Na cire faifan ajiyar tsohuwar kwamfutar, na same shi lafiya, na kwafo fayil biyu, hypertrm.exe da hypertrm.dll, na zuba su wuri ɗaya. Ta buɗe kuwa. Duk mai tambaya ko tsohuwar HyperTerminal tana tashi a Windows 11, amsa ita ce tana tashi. Sai dai fayil ɗin da ke riƙe da saitin sikelin ba ya buɗe ta in an danna shi kamar da, dole magatakarda ya shiga manhajar tukuna ya nemo shi. Ranar da ya yi kuskure ya buɗe sabon haɗi, sai ta koma gudun 2400 da take farawa da shi, wato saurin da take karɓar bayanai, alhali sikelin 9600 yake magana, allo ya cika da rubutun da ba ya karantuwa, ga manoma sun yi layi a rana da amalankensu. Bayan haka ma zuciyata ba ta kwanta ba, domin fayilolin nan na lasisin XP ne, ba a ba ni su don in riƙa yawo da su ba.

Shi ya sa na koma Tera Term, manhajar kyauta da wani ɗan Japan mai suna Teranishi ya fara rubutawa, har yau kuma ana sabunta ta. PuTTY, wata manhaja irinta, ita ma na gwada, tana da kyau ƙwarai ga mai saita na'urorin intanet, amma a wannan aikin Tera Term ta fi zama daidai.

Abin da ya fi burge ni shi ne adana rubutu. Ana iya sa ta ta buɗe fayil da kanta da zarar an kunna ta, ta kuma liƙa kwanan wata da lokaci a gaban kowane layi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a harkar awo. An yi ranar da wani dattijo ya dage cewa buhu 12 ya kawo, an rubuta masa 11. Muka buɗe fayil muka bi layi-layi da mintocinsu, aka ga gaskiyarsa ce, magatakarda ne ya tsallake ɗaya wajen kwafa a littafi. Kawu ya biya shi nan take, ya ba shi haƙuri. A da sai dai rantsuwa da ɓacin rai.

Ba wai komai ya tafi sumul ba. Ranar farko kowane sabon nauyi yana hawa kan na baya yana shafe shi, layi ɗaya tal ake gani. Dalili shi ne sikelin yana turo alamar komawa farkon layi kaɗai, ba ya turo ta sauka ƙasa. A saitin da ake kira Terminal, wurin karɓa, na zaɓi AUTO, shi ke nan. Kuma lalle ne a adana saitin bayan an gyara, in ba haka ba gobe a sake daga farko. Zaɓuɓɓukanta suna da yawa har suna tsorata wanda bai saba ba, amma akwai Faransanci cikin harsunanta, da na juya ta magatakarda ya samu natsuwa.

Inda na fi shan wahala ma ba manhaja ba ce, kebul ne. Yawancin sababbin kwamfutoci ba su da ramin nan mai haƙora tara, sai an sayi kebul mai juya shi zuwa USB. Na farko da na saya a kasuwa mai araha, Windows ta sa masa alamar rawaya ta ƙi karɓarsa, kwana biyu ina zargin manhaja a banza. Sai da wani abokina ya aiko mini mai kyau daga Yamai a mota, ina sa shi ya fito a matsayin COM3, wato sunan da Windows ta ba shi domin manhaja ta gane shi. A kula kuma, wasu kebul ɗin in an canza musu rami lambar COM tana canzawa, manhaja ta neme su ta rasa. Na ɗiga jan fenti a bakin ramin da muke amfani da shi, na ce kada kowa ya zare.

Duk mai tsohon sikeli, ko injin buga rasit, ko wata na'ura da ke magana ta irin wannan kebul, shawarata ya fara tabbatar da kebul ɗinsa, ya nemo gudun na'urar a littafinta, sannan ya sa Tera Term. Na mayar da allon fari da baƙin rubutu kamar yadda Kawu ya saba gani, na ƙara girman lambobi domin idonsa. Yanzu kakar wake muke jira, lokacin da sikelin ke wuni bai huta ba, kuma na riga na yi odar kebul na biyu a ajiye a aljihun teburin Kawu.