Kribi ko Limbe: ina ya fi dacewa da mai yini ɗaya?

Alhaji, barka da warhaka, ya iyali? Na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce a hutun Disamba za ka sauka Duwala karɓar kaya, tare da Hajiya da yara uku, yini ɗaya tak ne zai rage muku kafin ku juyo Garwa, kuma kana son yara su ga teku, a ci kifi a huta. To Kribi ko Limbe? Na je dukansu, Kribi sau biyu, Limbe sau ɗaya. Ni dai Kribi zan ce maka, amma da sharaɗi, domin akwai inda Limbe ta yi mata fintinkau.

Wurin hanya Limbe ce a gaba, babu gardama. Daga Duwala kimanin kilomita 70 ne. Ka haye gadar kogin Wuri zuwa Bonaberi, ka bi ta Tiko da Mutengene ta cikin gonakin roba da ayaba da kwakwar manja, sai ga ka a bakin ruwa. In cunkoson Bonaberi bai riƙe ka ba, awa ɗaya da rabi ta isa. Kribi kuwa wajen kilomita 170 ne ta Edeya, awa uku ke nan zuwa, uku dawowa, ga manyan motocin katako da na tashar jiragen ruwa a kan titi. Zuwana na farko a motar haya na tafi, aka ce ƙarfe bakwai za a tashi, ba mu bar tasha ba sai wajen tara saboda mota ba ta cika ba. Mun isa azahar ta yi, muka ci kifi a gurguje, la'asar na yi hankalinmu ya koma kan motar dawowa. Na ji takaicin ranar nan ƙwarai. Sharaɗin da na ambata ke nan: in Kribi ce, ku ɗauki shatar mota ku bar Duwala da sallar asuba, ko kuwa, abin da ya fi, ku tafi da yammacin jajibirin ku kwana can, ku wayi gari a bakin teku.

Ga abin da ya sa na ce ta cancanci wannan wahalar. Mu da muka tashi a bakin Binuwai mun san ruwa mai tsallake, kana wannan gaɓa kana hango mai wanki a waccan. A Kribi sai ka tsaya kan farin rairayi mai laushi, itatuwan kwakwa a bayanka, gabanka ruwa ne har inda ido ya gaji. Kilomita 7 kudu da gari kuma akwai gangaren ruwan Lobe, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin tekun Atilantika. Tsayinsa bai wuce mita 20 ba, faɗinsa ne abin kallo, ya rarrabu gida-gida tsakanin duwatsu da itatuwa. Masu kwalekwale suna kai mutum har gindinsa. Da muka matsa kusa sai feshin ruwa ya jiƙa mana riguna, ƙararsa ta hana mu jin maganar juna. Ɗana ya tsoma hannu ta gefen kogi ya lasa ya ji garɗi, da aka ɗan juya da mu wajen teku ya sake lasa, ya yamutsa fuska don gishiri. Har yau in za a ba shi labarin ikon Allah a kan ruwa biyu, ranar nan yake tunawa. Ka daidaita kuɗin kwalekwale tun kuna tudu, kada kuma yaro ya shiga ba a ɗaura masa rigar ruwa ba.

A cikin gari abin gani bai da yawa. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, kusa da inda kogin Kienke ya shiga teku, minti ashirin ya ishe ku. 'Yan'uwanmu na Injamena su ma suna da rabo a garin, don bututun man Cadi da ya taso daga yankin Doba, mai tsawon kilomita 1,070, wanda aka kammala a 2003, a nan ya ƙare. Babbar tashar jiragen ruwan da ta fara aiki a 2018 tana can kudu, da 'yar tazara, ba wurin kai yara ba ne.

Limbe wata duniya ce daban. Rairayinta baƙi ne wuluk, domin garin yana gindin Dutsen Kamaru ne, dutse mai aman wuta da ya haura mita 4,000. Wanda bai taɓa gani ba sai ya zaci datti ne, amma ka damƙa a hannu ka ga yana ƙyalli kamar garin tozali, kuma da rana tsaka yana ƙona tafin ƙafa, kada yara su cire takalma. In ka bi titin gaɓa zuwa Bakingili za ka tarar da narkakken dutsen da ya malalo a 1999 har ya hau titi, ya daskare a nan kamar tulin gawayi, mutane na hawa kansa. Sunan garin na da Biktoriya, wani ɗan mishan Bature, Alfred Saker, ya kafa shi a 1858, sai a 1982 aka mayar da shi Limbe. Akwai lambun itatuwa da Jamusawa suka dasa a 1892, inuwa ce mai sanyi da ƙorama a ciki, Hajiya za ta ji daɗin zama. Sannan ga gidan kula da namun daji da aka buɗe a 1993, inda ake renon birai da aka ƙwato daga hannun mafarauta da masu fataucinsu. A nan na fara ganin goggon biri ido da ido, yana zaune yana ɓare rake da yatsunsa kamar dattijo a ƙofar gida. In yara ne za su yi zaɓe, na tabbata nan za su ce. Wurin abin kallo da abin karuwa, Kribi ba ta kama ƙafar Limbe ba.

To me ya hana ni cewa Limbe? Na farko, kwanciyar hankali. Garin yana jihar Kudu maso Yamma, ɗaya daga jihohin nan biyu na masu Turancin Ingilishi da rikici ya taɓa tun 2016. Cikin Limbe ya fi sauran wurare lafiya, har wasannin kofin Afirka an buga a filinta a farkon 2022, amma akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, kuma an saba da zaman gida na dole ranar Litinin a yankin. Namiji shi kaɗai da katin shaidarsa ba komai, amma mai tafe da mace da ƙananan yara hankalinsa rabe yake yini. In ka zaɓe ta, kada ya zama Litinin, ka tambayi direbobi halin da hanya ke ciki a daren jajibirin, ku kuma juyo kafin magariba. Na biyu, rana. Gindin dutsen nan matattarar hadari ce, ƙauyen Debunca da ke gaba kaɗan yana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a duniya, wajen milimita 10,000 a shekara. Disamba rani ne a can, kun dace, amma duk da haka ranar da na je gajimare ya rufe dutsen ruf, ban ga kansa ba har na baro. Sannan harshe: a Limbe Turancin buroka ne a kasuwa, a Kribi kuwa Faransancin da kuka saba da shi ne, ciniki zai fi muku sauƙi.

Abinci kuma, duk biyun kifi ne sarki. A Limbe wurin shi ne Down Beach, mata na gasa kifi a jere kana kallon tsibirai. A Kribi kuwa ka nufi kasuwar kifi ta Mbowa Manga, inda masunta ke sauke kamu. Ranar Asabar muka je. Kai za ka zagaya ka zaɓi kifinka ɗanye, ka ɗaga kunnensa ka ga jajawur, ka taya a sallama, sannan ka miƙa wa mai gashi a gefe ku yi jinga. Za ta tsattsage shi, ta cusa masa niƙaƙƙen kayan ƙamshi, ta ɗora kan garwashi tana shafa mai, ta kawo da soyayyar agada da miyondo, wato ƙullin rogon nan siriri da ake naɗewa a ganye. Yajinsu da zafi, a sa wa yara nasu a gefe. Kada ku baro garin ba ku ci jatan lande ba, da shi aka san Kribi, kuma sunan ƙasarmu Kamaru ma daga gare shi ya samo asali, tun da Turawan Fotugal suka ga yawansa a kogin Wuri. Na san Hajiya za ta yi tambaya, to a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ruwansa kuma ana alwala da shi. Nama ne abin lura a garuruwan biyu. Miyar eru ta mutanen Limbe da daɗi, amma akan haɗa ta da ganda da naman da ba ka san yankansa ba, sai ka tambaya. In kuna son nama ku nemi mai tsire ɗan arewa, shi ne kuma zai nuna maka masallaci. Duk wuraren gashin nan ana sayar da giya, da yamma suna cika da kiɗa, saboda haka cin rana ya fi dacewa da mai iyali.

Maganar wanka, ina roƙonka ka ja wa yara kunne tun a mota. Igiyar teku tana jan yashi daga ƙarƙashin ƙafa, wanda ya iya iyo a Binuwai ma tana iya rinjayarsa. Su tsaya iya gwiwa, hannunsu cikin naka. In kun samu kwana a Kribi, ku yi la'asar ku koma bakin ruwa ku zauna, gaɓar tana fuskantar yamma ne, a cikin teku rana take faɗuwa. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida Hajiya.