Hattara da mai sayar da "doguwar shakazoba" ta WhatsApp

Naira dubu 140. Shakazoba huɗu, har da dubu 6 kuɗin ɗorawa a tasha. Duk mai tsohuwar Hiace da aka ɗaga, ko wata bas mai sifirin na ganye a baya, ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko sisi.

Kada wani ya zo min da maganar "ai ba ka bincika ba". Na bincika. Motar an ƙara mata ganyen sifirin a baya, ta tashi inci 2. Aka sa jak a shasi, aka cire tsohuwar shakazobar, aka bar aksil ya rataya, na auna daga tsakiyar ramin noti na sama zuwa na ƙasa: inci 22. Na kuma auna inda take tsayawa idan aksil ya kai ga robar da ke tare shi. Awo biyun na tura wa mai sayarwar. Ya maido min bidiyo, ga tef a jikin shakazoba, 22 cif, ga kwalin kamfanin shakazoba na KYB a gefe. Ya ce, "Alhaji, da Allah na haɗa ka, sabuwa ce fil." Wannan bidiyon! Wa zai ga tef a kan kaya ya ce ƙarya ne? Ashe ta wata motar ya auna.

Abin da ya iso inci 20 ne, tsawon da mota ke zuwa da shi daga kamfani. Mai cewa inci 2 ba komai ba ne bai san aikin ba. Gajeriyar shakazoba a motar da aka ɗaga kusan a miƙe take zama tun mota na tsaye. Taya na faɗawa rami sai ta kai ƙarshenta, ita ke riƙe nauyin aksil, ka ji ƙwas daga baya. Bushin, wato robar da ke cikin ramin notinta, ya fara yagewa, sil ɗin da ke tare man cikinta ya saki mai, daga baya kunnen da take ɗaure a jiki ya tsage. Wadda ta yi tsawo da yawa ita ma bala'i ce, domin da lodi takan dunƙule gaba ɗaya kafin robar tare aksil ta yi aikinta, bawul ɗin ciki ya tashi aiki.

Tun kafin wannan ma, da mai sayarwar yana lallaɓa ni, ya dage sai na haɗa da na gaba, wai su ma dogaye. Gaban Hiace sandar ƙarfe ce ake ɗaurewa mota ta tashi, kuma ɗaurin ba ya ƙara nisan da taya ke iya sauka, don haka galibi mai tsawon asali ta isa. Na faɗa masa haka, ya ce to, zai sa na asali a gaba. Ya amsa kamar wanda ya san aiki. A nan na yarda da shi, na tura dubu 140, alat na shiga ya kira yana sa albarka.

Kuma ba gajarta kaɗai ba ce. Ko sababbi ba su ba ne. Shakazoba mai gas a ɗaure take zuwa, kana yanke ɗaurin ta miƙe da kanta a hankali. Waɗannan ka danna su zauna inda ka bar su. Na ja ɗaya a tsaye, ta zo sakwa-sakwa kusan rabi kafin ta kama. Sandar cikin tana da zoben gogewa da ɗigo-ɗigon tsatsa. Da aka kankare fenti a ƙasan ɗaya, ga tabon walda: an huda, an ɗura baƙin mai, an toshe, an fesa fenti har kan bushin. Lambar da ke kan sitika daban, wadda aka buga a jikin ƙarfen daban. Tsofaffin 'yan Beljiyam da suka mutu, a cikin kwali mai kyau, dubu 140.

Na kira, ya ce yaron shago ne ya yi kuskure, zai canja. Daga nan layi a kashe. A'a, sai da ya nemi ƙarin dubu 6 na sake ɗorawa tukun ya yi bulokin ɗina. Bidiyon tef ɗin, rasidin banki da hoton waldar duk suna hannuna, zan ɗora su a ƙasa, kuma na kai ƙorafi bankina.

Ku tafi da tsohuwar shakazobarku da tef ɗinku. Ku auna a miƙe da a dunƙule, ku duba lambar jikin ƙarfe, ku kankare fentin ƙasa. Babu kaya a hannu, babu kuɗi.